Kai yara wurin wasa a lokacin annoba: wa ke ɗaukar nauyin abin da ya biyo baya?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ni mazauniyar Kubwa ce a Abuja, ina da yara uku: babbar shekararta 13, mai bi mata 8, auta kuma 3. Ƙungiyar mazauna unguwarmu ta shirya wa yara bikin ƙarshen shekara a wani wurin wasanni a cikin gari ranar Lahadi 26 ga Disamba 2021. An ɗauki hayar bas biyu, akwai liloli da kiɗa da rabon kyaututtuka. Da aka kawo tikiti sai na ga an rubuta a bayansa cewa duk wanda ya shiga ya yarda ya ɗauki alhakin abin da ya same shi, har da kamuwa da korona. Ni da maigida mun yi rigakafi sau biyu. Amma mahaifiyarsa tana zaune tare da mu, ta haura shekara 70, tana da ciwon suga da hawan jini, kuma ta ƙi yarda a yi mata allurar. Maigida ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, in bar yara su je su sha iska. Su kuma yaran tun makon jiya suke ƙirga kwanaki. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Shin akwai haɗari a irin wannan wurin, tunda a fili yake? In kuma wani abu ya faru, laifin wa ke nan?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya raya mana yaran, Ya ƙara wa mahaifiyar maigida lafiya da nisan kwana. Don kada mu rikice, zan riƙa kiranta Hajiya Babba.

Tambaya biyu kika ɗaure wuri guda. Ta farko ita ce ko yaro zai iya ɗauko korona a wurin wasa alhali wurin ba rufi gare shi ba. Ta biyu ita ce maganar rubutun bayan tikiti, wato wa nauyi ya hau kansa. Aikina lafiyar al'umma ne, kuma tun watan Maris na 2020 nake cikin masu bin sahun waɗanda suka yi cuɗanya da masu ɗauke da cutar a nan Abuja, gida gida, waya waya. Da abin da na gani a wannan aikin zan ba ki amsa. In kuma kina son jin inda maganata za ta dosa tun yanzu, ga shi: yaranki uku, in dai lafiyarsu ƙalau, haɗarin da ke kansu ƙarami ne. Wadda wannan fita za ta iya kayarwa ita ce wadda ba za ta shiga bas ɗin ba, ba ta sayi tikiti ba, ba ta kuma karanta abin da aka rubuta a bayansa ba.

Halin da ake ciki a Disambar 2021

An fara tabbatar da korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas. Mu nan Abuja mun shiga kulle ranar 30 ga Maris, aka fara sassautawa ranar 4 ga Mayu. Zagaye na biyu ya zo mana a Disambar 2020, daidai irin wannan lokaci na hutu da bukukuwa, na uku kuma ya zo da nau'in Delta a daminar 2021. Sai kuma nau'in Omikron, wanda Afirka ta Kudu ta fara ba da rahotonsa a ƙarshen Nuwamban 2021, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa kuma ta sanar da samunsa a ƙasar nan ranar 1 ga Disamba. A cikin Disambar 2021 hukumar ta ce mun shiga zagaye na huɗu. Abin da ya bayyana a kan wannan nau'in shi ne saurin yaɗuwa, da kuma yadda yake kama har wanda ya yi rigakafi ko ya taɓa yin cutar. Rigakafin yana nan da amfaninsa wajen hana ciwon tsananta, shi ya sa ke da maigida kuke da garkuwar da Hajiya Babba ba ta da ita.

Ga kuma hunturu. Kowane gida a Kubwa yanzu akwai mai mura, akwai mai tari, akwai mai kaikayin maƙogwaro, kowa kuma zai ce miki hazo ne. Wani lokacin hazon ne. Amma wannan ne ya sa lokacin ya fi wahalar da mu masu bin sahu, domin yaron da ya kamata a bari a gida sai a goge masa hanci, a sa masa rigar sanyi, a tura shi cikin bas.

Inda haɗarin yake a wurin wasa

Kin yi gaskiya da kika ce wurin a fili yake, kuma wannan babbar sa'a ce. Ƙwayar korona ta numfashi take fita, cikin ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, lokacin da mutum yake magana ko tari ko waƙa ko ihu. A fili iska tana kwashe su ta watsar. A ɗaki rufaffe kuwa sai su yi ta taruwa kamar hayaƙin turaren wuta, wanda ko a lungun ɗaki kike zaune sai ya iske ki. Saboda haka yaron da ke kan lilo a tsakiyar fili, iska na kaɗa shi, yana cikin wuri mafi aminci a duk ranar.

Sai dai ranar biki ba a kan lilo ake ƙare ta ba. Ki ɗauko ta daga farko. Za a cika bas da yara da iyaye daga gidaje da yawa, a rufe tagogi saboda ƙura da sanyin safiya, a ɗauki hanyar Kubwa zuwa cikin gari, yara suna waƙa suna ihu, a kuma maimaita haka da yamma cikin cunkoson motoci. A wurina wannan bas ɗin ya fi duk lilolin wurin haɗari in aka haɗa su. Bayan bas akwai layin shiga, da layin kowane lilo, inda yaro zai yi minti ashirin ko talatin kafaɗa da kafaɗa da waɗanda bai sani ba don hawan minti uku. Akwai ɗakin gem mai esi, ƙofa a rufe, yara sun yi dafifi a kan na'ura ɗaya. Akwai gidan balan-balan da ƙanana ke tsalle a ciki suna faɗawa kan juna, numfashin wannan a fuskar wancan. Akwai wurin cin abinci, inda dole kowa ya sauke takunkumi. Sai kuma gaban dandamali lokacin rabon kyauta, wanda duk wanda ya taɓa zuwa bikin yara ya san babu mai iya tsare shi.

Maganar ihu ba ƙaramar magana ba ce. A 2020, da wuraren wasa na ƙasar Japan za su sake buɗewa, ƙa'idojin da masu wuraren suka fitar har da roƙon mahaya jirgin lilo mai hawa da gangarowa su daina ƙwalla ihu. Wani wurin wasa da ke gindin Dutsen Fuji ya ce wa baƙinsa su yi ihun a cikin zuciya. Dalilinsu na kimiyya ne: mai ihu yana fitar da ɗigon numfashi fiye da mai magana a hankali nesa ba kusa ba. Ba na ce ki hana ɗan shekara 8 ihu a kan lilo ba, ba zai yiwu ba. Ina so ki gane dalilin da ya sa waƙa da ihu a cikin bas mai rufaffun tagogi suka fi damuna.

Abin da mutane suka fi tsoro kuwa, wato ƙarfen lilo da kujerun da hannaye da yawa suka taɓa, shi ne ya fi ƙaramin rabo a yaɗa korona. A wanke hannu dai, domin gudawa da ciwon ido da mura duk ta nan suke bi. Na'urar auna zafin jiki da ake nuna wa mutane a goshi a bakin ƙofa ma kada ta ruɗe ki. Mai korona yana iya yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai a jikinsa, yara da yawa kuma har su warke ba su yi zazzaɓi ba. Wanda ya sha farasitamol da safe ma zai wuce ta lafiya lau.

Kuma korona ba ita kaɗai ke son irin wannan taro ba. A Disambar 2014 cutar ƙyanda ta ɓulla daga wurin wasa na Disneyland da ke jihar Kalifoniya a Amurka, ta kama mutum 147 a jihohi daban daban, ta tsallaka har Kanada da Meziko. Wurin da ya fi yawancin wurare tsafta da tsari ke nan. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka yi kusa da shi, kusan tara za su kamu. Don haka kafin komai ki ɗauko katin rigakafin auta ki duba: an yi mata allurar ƙyanda ta wata 9, an kuma yi ta biyu ta wata 15? Iyaye da yawa sun tsallake allurar yara a watannin kulle, ba su koma ba.

Rubutun bayan tikiti

Wannan rubutu ba a Abuja aka ƙirƙire shi ba. Lokacin da kamfanin Disney zai sake buɗe wuraren wasansa na jihar Fulorida a Amurka ranar 11 ga Yuli 2020, bayan kusan wata huɗu a rufe, ya sanya gargaɗi cewa duk inda jama'a suka taru akwai yiwuwar kamuwa da korona, kuma wanda ya shigo ya ɗauki wannan haɗarin da yardar kansa. Daga nan masu wuraren taro a ƙasashe da dama suka kwaikwaya. A ɗaya gefen kuma ga ƙasar Sin: ranar 31 ga Oktoban 2021 aka rufe ƙofofin Disneyland na Shanghai da mutane a ciki, aka yi wa sama da mutum 30,000 gwaji kafin su fita, saboda an gano mace ɗaya da ta ziyarci wurin kwana ɗaya kafin nan tana ɗauke da cutar. Can hukuma ta ɗauki nauyin duka a wuyanta, a Fulorida kuma an miƙa wa mai tikiti. Mu a nan an yi mana doka a rubuce irin ta masu tsanani, amma a aikace an bar kowa da dabararsa.

Ni ba lauya ba ne, saboda haka ƙarfin wannan rubutu a gaban alƙali sai ki tambayi masu wannan fannin. Abin da na sani shi ne an yi dokar kare lafiya kan korona da shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa wa hannu ranar 26 ga Janairu 2021. Ta wajabta takunkumi da wanke hannu a wuraren taruwar jama'a, ta taƙaita taron cikin rufaffen wuri ga mutum 50 in ban da wuraren ibada, ta kuma ɗora wa masu kula da wurin alhakin tabbatar da an bi, da hukuncin tara ko ɗaurin wata shida ga wanda ya saɓa. Ke nan mai wurin wasa yana da nasa nauyin da buga rubutu a bayan tikiti ba ya sauke masa. Shi ya san yawan mutanen da filinsa ke ɗauka, shi ke yanke shawarar sayar da tikiti fiye da haka, shi ke iya buɗe ƙofofin ɗakin gem ko rufe shi, shi ke iya zuba ruwa da sabulu a makewayi, shi kuma ke iya ce wa ma'aikacinsa mai tari ya zauna gida ba tare da an yanke masa albashi ba. Kwamitin unguwarku ma yana da nasa kason, tunda shi ya zaɓi bas biyu maimakon uku.

Amma akwai abin da ya fi damuna a rubutun nan. Hausawa suna cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma abin da tikitin ke son faɗa ke nan. Wannan magana daidai take a kan lilon da ke juya mutum sama da ƙasa: mai ciwon zuciya ko mai juna biyu da ya ga gargaɗi ya hau, jikinsa ya sa a gaba. Cuta mai yaɗuwa kuwa ba haka take ba. Wani ne ke ɗebowa, bakin wani ya ƙone. Ke za ki iya yarda da haɗari a kan kanki, wataƙila ma a kan 'ya'yanki tunda ke ce uwarsu. Ba ki da ikon yarda a madadin Hajiya Babba, ko mai aikin gidanku, ko saurayin nan da ke ɗaura wa ɗaruruwan yara bel a kan lilo tun safe har dare, wanda bai zo shaƙatawa ba, abincinsa yake nema.

A zagaye na biyu, cikin Janairun 2021, an ba ni lambar wani gida in bi sahu. Dattijo ne aka kwantar yana shan iskar oksijin, mai ciwon suga, wanda iyalansa suka rantse mini wata uku bai taka ƙofar gida ba. Sun yi masa duk abin da suka san ana yi, har masu zuwa gaisuwa sun hana shiga. Da muka bi kwanaki baya ɗaya bayan ɗaya sai muka iske jikokinsa sun je wani bikin yara a hutun ƙarshen shekara, biyu daga cikinsu sun yi 'yar mura ta kwana biyu, kuma a ɗakin kakan suke kallon talabijin kowane dare, a gadonsa ƙaramin yake yin barci. Ba zan iya rantsewa cewa daga bikin cutar ta fito ba, amma ba mu samu wata ƙofar ba. Allah Ya tashi kafaɗun dattijon bayan makonni. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne uwar yaran, wadda ta yi ta tambayata a waya ko ita ce ta jawo. Na ce mata ba ta yi da nufi ba, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata cewa tsare tsoho a ɗaki ba ya wadatarwa in jikoki suna shiga da fita. Tun daga ranar nake faɗa wa duk wanda ya tambaye ni.

Maganar maigida

Gaskiya ne abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa sai ya faru, babu musulmin da ke jayayya da wannan. Malamai sun fi ni sanin fannin, amma akwai labarin da kowa ya sani. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Umar ya amsa cewa e, daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sai Abdurrahman bin Auf ya zo ya shaida cewa ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana wanda ke ciki fita. Rabin hadisin na biyu shi mutane ke mantawa. Hana fita kariya ce ga mutanen wasu garuruwan, wato an ɗora wa mutum nauyin kada ya zama sanadin cutar wani.

Ina ba ki shawara kada ki mayar da abin gardama tsakaninki da maigida kan wa ya fi tawakkali. Yana da gaskiyarsa. Yaran nan sun yi watanni a kulle, makarantu sun daɗe a rufe a 2020, kuma wasa da sa'o'insu wani ɓangare ne na lafiyarsu. Ki kawo masa maganar ta ƙofar mahaifiyarsa, a lokacin da hankalinsa yake kwance. Da wuya ɗa ya ji an ce ga hanyar da za a tsare masa uwa ya ƙi saurara.

Zaɓin da ke gabanki

Kina iya haƙura da wannan bikin, ki yi wa yara alkawarin wata fita, ki kuma cika. Ku je bakin Tafkin Jabi da safe a ranar aiki, ko ku je wurin wasan nan ɗin bayan hutu ya ƙare, lokacin da babu layi. Lilon bai canza ba, cunkoson ne ya ragu. In da ni ne, a wannan makon da cutar ke hawa, da tsohuwa mai ciwon suga marar rigakafi a gida, wannan zan zaɓa. Na faɗa miki ra'ayina a fili domin kin tambaya, amma ba zan ce wanda ya zaɓi zuwa ya yi ganganci ba, in dai ya je da shiri.

In kun yanke za a je, to abu na farko a safiyar ranar ake yinsa. Duk wanda ya tashi da mura, tari, zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko gudawa, ya zauna gida, ko da an riga an biya kuɗi, ko da zai yi kuka. Wannan ne nauyin da ke kanki game da 'ya'yan wasu, kamar yadda kike fatan sauran iyaye su yi miki. Ki rubuta haka a zauren WhatsApp na unguwa tun yau, da lafazi mai daɗi. Za ki ga iyaye da yawa dama abin yana ransu, jira suke wani ya fara.

Ku tafi a motarku in akwai, ku bar bas ɗin. In babu hali sai bas, a buɗe tagogi gaba da baya duk da ƙura, kowa da takunkumi, a bar waƙa sai an sauka. Ku isa da wuri ku baro da wuri, awa biyu ko uku sun ishi yaro, tunda cikar wuraren nan daga la'asar take farawa. Ku tsaya ga wasannin fili, ɗakin gem da gidan balan-balan a bar su sai wani jiƙon. Abinci ku tafi da naku ko ku saya ku koma gindin bishiya ku ci, kowane yaro da gorar ruwansa, kada a yi karɓa-karɓar askirim ko tsinken tsire. Game da takunkumi, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bayar a 2020 ita ce ɗan shekara 12 zuwa sama ya sa kamar babba, ɗan 6 zuwa 11 ya sa inda cutar ke yaɗuwa da kulawar babba, ɗan shekara 5 zuwa ƙasa kuma ba a tilasta masa. Ke nan babbar da mai bi mata su sa a layi da cikin mota, takunkumin asibiti wanda ya rufe hanci da haɓa, ki kuma riƙe na canji domin gumi yana jiƙa shi. Auta ba za ta sa ba, kuma ita ce mai hawa cinyar kaka. Ki yi tunanin barinta a gida, shekara uku ba za ta san abin da ya wuce ta ba.

Bayan an dawo

A nan yawancin gidaje suke sakin jiki, alhali a nan aikin yake. Wanka da canza kaya suna da kyau, amma in yaro ya shaƙi ƙwayar, a hancinsa da maƙogwaronsa take, sabulu ba ya kai wa can. Cutar tana ɗaukar kwana 2 zuwa 14 kafin ta bayyana, galibi cikin makon farko. Don haka na tsawon mako guda aƙalla, waɗanda suka je, har da ke in kin raka su, ku ja baya da Hajiya Babba. Kada a kwana ɗakinta, kada a ci a kwano ɗaya, kada a zauna kallo a rufaffen falo tare. A gaishe ta daga bakin ƙofa ko a tsakar gida, tagar ɗakinta a buɗe da rana. Mai kai mata abinci da magani ya zama wanda bai je ba, in ba haka ba ya sa takunkumi. Na san a al'adarmu jika ya ƙi shiga ɗakin kaka abu ne mai nauyi, za ta iya ɗauka an guje ta. Maigida ne ya kamata ya zauna ya yi mata bayani da bakinsa kafin ranar. In gidan ɗaki biyu ne da ba za a iya wannan rabuwar ba, to wannan kaɗai ya isa dalilin fasa zuwa.

Wanda ya fara mura ko zazzaɓi a cikin kwanakin, a kai shi gwaji. A Disambar 2021 ana yi kyauta a cibiyoyin gwamnati, kuma za ki iya kiran 6232, layin NCDC, a faɗa miki inda ya fi kusa. Ita kuwa Hajiya Babba, ko kasala ce ta zo mata, ko ta daina cin abinci, ko sugan ya hau ba dalili, kada a tsaya wajen mai kemis ana maganin maleriya da taifot har mako ya wuce. Mafi yawan tsofaffin da na ga sun iso asibiti a galabaice, a wannan makon na jira aka yi asararsu. In numfashi ya fara yi mata wuya, ko ƙirji na ciwo, ko ta fara rikicewa, ko barci ya yi mata yawa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan oksijin a jini, ana samunta a manyan kantunan magani. Gidan da ke da tsoho mai ciwon suga ya kamata ya mallake ta. In ta nuna ƙasa da 94 an sake gwadawa ba ta tashi ba, a nemi likita a ranar.

Sai maganar allurarta, wadda ta fi duk abin da na lissafa muhimmanci, domin bikin nan zai wuce amma yara za su koma makaranta a Janairu, maigida yana zuwa ofis, ke kina zuwa kasuwa. Rigakafin ya iso ƙasar nan tun 2 ga Maris 2021, aka fara yi a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja ranar 5 ga wata, Buhari ya karɓi tasa washegari a bainar jama'a, kuma shi ma a lokacin ya haura saba'in. Ciwon suga da hawan jini ba sa hana allurar, su ne ma dalilin da ya sa aka sa irinta a sahun gaba. A tambaye ta a hankali mene ne take tsoro, a saurara har ta gama. Sau da yawa wani saƙon murya ne aka tura mata a waya. A nemo wanda take jin maganarsa, likitan da ke duba suganta ko malaminta ko wata ƙawarta da ta riga ta yi. Ko yau aka yi mata ba za ta kare ta daga bikin Lahadi ba, domin jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin ya fara gina garkuwa, kuma akwai ta biyu a gaba. Ke da maigida ku duba katinku: ranar 10 ga Disamba 2021 aka fara allurar ƙari ga 'yan shekara 18 zuwa sama da suka cika wata shida da ta biyu.

Ban duba Hajiya Babba ba, ban ga sakamakon suganta ba, ban kuma shiga wurin wasan da za a je ba. Abin da na faɗa shawara ce ta gaba ɗaya, likitan da ya san jikinta shi zai iya daidaita ta da halinta, musamman in tana da ciwon koda ko na zuciya a kan waɗanda kika ambata. Haka kuma in ɗaya daga cikin yaran yana da sikila ko asma, lissafin da na yi na cewa haɗarinsu ƙarami ne ya canza, ki tuntuɓi likitansa kafin Lahadi. Duk matakan nan rage haɗari suke yi, ba sa kawar da shi. Kafin ku yanke shawara, ki kira shugaban kwamitin ki tambaye shi mutum nawa aka sayar wa tikiti, mutum nawa za a zuba a kowace bas, kuma a fili za a yi rabon kyautar ko a cikin zaure. Ki kai wa maigida amsoshin ku duba tare. Allah Ya tsare mana ku da Hajiya Babba.